Filashin Tafsiri da Rediyon Mota: Nazarin Wani Lamari a Hanyar Kano Zuwa Kaduna

Motar Homa ce ta haya, tana lodi daga tashar Unguwa Uku a Kano zuwa Kawo a Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, ta Kwanar Ɗangora da Zariya. Direbanta dattijo ne, ya fara riƙe sitiyari tun zamanin da kaset ke cika aljihun gaban mota. Rediyon da ke ciki ba wadda motar ta zo da ita ba ce. 'Yar gwanjo ce da mai wayarin ya ɗaura masa, ƙirar wajejen 2010, mai bakin CD da ramin filash a fuska da ɗan ramin AUX, na jona waya da igiya, a gefe. Ta yi shekaru tana aiki da wani ƙaramin filash da aka cika da ƙira'a da gajerun wa'azozi, ba ta taɓa gardama ba, har ranar da yaron mota ya buge filash ɗin da gwiwa wajen haurawa gaba, ya karye.

Baba direba ya ce tunda haka ta faru gara ya sayi babba gaba ɗaya ya huta. Ya sayo mai giga 64, ya miƙa wa ɗan wansa, ya ce a haɗa masa tafsirin azumin bara na malamin da yake bi, tun daga buɗewa har rufewa, da duk wani tsohon karatu da za a iya samu. Yaron ya yi ƙoƙari. Wasu ya kwaso daga zauren WhatsApp na almajiran malamin, wasu ya sauke daga YouTube, tsofaffin kuma ya je wurin masu turi ya biya aka zuba masa. Ya gwada a kwamfuta, ya gwada a waya, komai ras. Aka soka a rediyon mota, ta ɗan yi jim, ta rubuta ERROR, ta koma tashar FM.

Mai wayarin ɗin da aka kai wa ya ce bugun da aka yi wa tsohon filash ne ya taɓa ramin, wataƙila ma har bod ya samu matsala, don haka a cire ta a sa sabuwa mai allo. Maganarsa ba ta rasa hujja ba, don kuwa bugu an yi, kuma daga ranar ne rediyon ta daina magana. Sai dai kuɗin sabuwar ya kai balas ɗin kwanaki da dama, ga azumi ya ƙarato. Ta nan maganar ta iso wurina, saboda ni nake tace wa Islamiyyar su yaron sautin musabaƙa.

Ramin ne, ko filash ɗin?

Gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Wani direban Sharon da ke jiran layi ya ara mana nasa filash, tsoho mai giga 8, aka soka, nan take waƙa ta tashi. Ramin lafiyarsa ƙalau, bod ma haka. Saura a san abin da ya raba filash ɗin nan biyu.

Kowane filash yana da tsarin da yake bi wajen rubuta sunayen fayiloli da inda kowanne yake zaune a cikinsa. Wanda tsofaffin rediyoyin mota suka sani shi ne FAT32, na kamfanin Microsoft, tun 1996. A 2006 kamfanin ya fito da exFAT, a 2009 kuma aka ɗauke shi a matsayin tsarin duk wani memori da ya haura giga 32. Masu ƙera filash suka bi sahu, shi ya sa mafi yawan mai giga 64 da za ka ɓare daga kwali a exFAT yake zuwa. Kwamfuta da wayar zamani sun san shi. Rediyon Baba ba ta san shi ba. Ba ta ma kai ga ganin tafsirin ba, balle ta ce ba ta iya karanta shi; a bakin ƙofa ta tsaya.

Ana iya mayar da babban filash zuwa FAT32, amma akwai ɗan tarko. Idan ka buɗe wurin fomatin na Windows, ba zai ba ka zaɓin FAT32 ba matuƙar filash ɗin ya wuce giga 32. Sai ka nemi wata manhaja irin su Rufus. Kuma fomatin yana share komai, don haka sai an kwashe kayan zuwa kwamfuta tukuna. Mun yi hakan don gwaji, rediyon ta karɓa, amma takan daɗe tana lissafin abin da ke ciki kafin ta fara magana.

Na ba Baba shawarar ya koma ƙarami, kuma lissafi ne ya goyi bayana. Magana zalla, in an matse ta da kyau a 64 kbps, wato awon datar da sauti ke ci a kowane sakan, awa guda ba ta cin abin da ya kai mega 30. Ko da kowane zama na tafsiri awa ɗaya da rabi ne, na wata guda cur bai kai giga ɗaya da rabi ba. Filash mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 250. Mutum zai yi sawun Kaduna har ya gaji bai ƙure shi ba. Girman filash a nan ba alheri ba ne, ƙarin nauyi ne ga 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar rediyon, wadda ma tana da iyakar yawan fayiloli da foldoji da take iya ƙirgawa.

Abin da ke cikin fayil, da abin da aka rubuta a bayansa

Da aka wuce maganar FAT32 sai ainihin lamarin ya fito. Rediyon ta fara nuna sunaye, amma kaɗan ne suke tashi. Wasu ba ta nuna su sam. Wasu tana nuna sunan, ta yi sakan biyu shiru, ta tsallake zuwa na gaba. A nan Baba ya ɗan hasala.

"To Injiniya, ba ga shi nan an rubuta MP3 ba? Ni fa na ce wa yaron nan MP3 kawai."

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ai na mayar da su. Duk wanda na ga ba MP3 ba na canza masa suna."

Wannan ita ce cibiyar lamarin, kuma ba shi kaɗai yake yin haka ba. Haruffa uku ko huɗu da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil, wutsiyar sunan ke nan, ba su ne fayil ɗin ba. Sanarwa ce kawai. Wanda ya goge .opus ya rubuta .mp3 bai taɓa sautin da ke ciki ba, daidai yake da wanda ya rubuta "shinkafa" a jikin buhun gero. Abin da ya sa yaron bai gane ba shi ne wayarsa da kwamfutarsa ba su damu da wutsiya ba. Manhaja irin VLC tana leƙa cikin fayil ta ga irinsa, ta ɗauko abin da ya dace ta karanta. Rediyon mota kuwa wutsiyar take dubawa. Ta ga .mp3 sai ta miƙa wa sashen da ke warware MP3, shi kuma ya tarar da abin da bai taɓa gani ba, ya saki.

Na nuna musu a fili. Na ɗauki fayil ɗaya daga waɗanda ake tsallakewa, na buɗe shi da Notepad, wato a matsayin rubutu. Allon ya cika da shirmen alamomi, amma a layin farko ga haruffa huɗu ƙarara: OggS, gaba kaɗan kuma OpusHead. Na buɗe wani, shi kuma kusa da farkonsa an rubuta ftyp. Na buɗe wanda yake tashi a mota, ya fara da ID3. Fayiloli uku, duk wutsiyarsu .mp3, amma na ƙarshen ne kaɗai MP3. Wanda ba ya son ganin wannan shirme yana iya kunna fayil a VLC ya danna Ctrl da J, za ta faɗa masa ainihin irin sautin.

Masu OggS su ne na WhatsApp. Almajirin da ke zaune a masallaci ya danna alamar makirfo ya ɗauki karatu, abin da wayarsa ta naɗa Opus ne. Shi ya sa sunayensu na asali suke farawa da PTT ko AUD, sai shekara da wata da rana, sai WA da lamba. Opus dabarar matse sauti ce mai kyau ƙwarai, musamman ga muryar mutum: tana fitar da magana tangaram da data kaɗan, abin da ya sa saƙon murya ke wucewa ko da sabis ya yi rauni. Amma a 2012 aka tabbatar da ita a matsayin ma'auni. Rediyon da aka ƙera a 2010 ba ta da hanyar sanin abin da ba a haifa ba, kuma ba a sabunta mata ilimi kamar yadda ake yi wa waya. Abin da aka dasa mata a masana'anta shi ke nan har ta mutu. Kai, ko a cikin waɗanda aka ƙera daga baya, da yawa ba a sa musu Opus ba.

Masu ftyp su ne na YouTube. YouTube ba ya ajiye sauti a MP3. Yana bayar da AAC a cikin mazubin M4A, ko Opus a cikin WebM. Duk manhajar saukewa da ta ce ta ba ka MP3, ɗayan biyu ne: ko ta juya sautin da gaske, ko ta liƙa masa suna kawai. Wasu na yin na farko, wasu na biyu, kuma daga allon waya ba ka bambancewa. AAC ba sabon abu ba ne, tun 1997 yake, ya girmi rediyon. Amma a wancan lokaci ba kowace rediyo ake sa wa shi ba, waɗanda aka sa wa ma wasunsu nau'i ɗaya kawai suke karɓa. A fuskar ta Baba, ƙasan ramin CD, an buga MP3 da WMA da ƙananan haruffa da suka fara gogewa. Iyakar iliminta ke nan. Na sha cewa kafin mutum ya nemi littafin rediyo a intanet ya fara goge ƙurar fuskarta ya karanta.

Me ya sa MP3 ya zama abin da kowace na'ura ta yarda da shi? Tsufa ne da yawa. Ƙwararrun cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus ne jigon ƙirƙiro shi, ya zama ma'aunin duniya a 1993, aka raɗa masa wutsiyar .mp3 a 1995. Kafin rediyoyin mota su fara zuwa da ramin filash ya riga ya mamaye ko'ina, kuma tun 2017 aka daina karɓar kuɗin lasisinsa. A inganci AAC da Opus sun fi shi, ba gardama. Amma a cikin Homa mai gudu, tagogi a buɗe, inji na ruri, babu kunnen da zai ji wannan fifiko. Abin da ake buƙata shi ne ya tashi.

Juyawar gaskiya ita ce a warware sautin a sake matse shi da dabarar MP3. VLC tana yi, Format Factory da ke kan kwamfutar kusan kowane mai turi tana yi, kuma tana ɗaukar fayiloli da yawa a tashi ɗaya. Mun zaɓi 64 kbps, 44.1 kHz (awon ɗibar samfurin sauti a sakan), layin sauti ɗaya maimakon biyu, da awo tsayayye wanda ake kira CBR. Yaron ya so a sa 320 kbps wai don ya fi fita. Ba ya fita. Abin da Opus ta zubar lokacin naɗa ya tafi, babu juyin da zai dawo da shi. Ƙara lamba girman fayil kawai yake ninkawa har sau biyar. Batun CBR kuma yana da dalili. Akwai ɗaya salon, VBR, mai canza awo gwargwadon nauyin sauti. Tsofaffin rediyoyi da yawa suna kunna shi, amma lissafin lokaci yakan rikice musu, ka nemi gaba ta jefa ka wani wuri dabam. A waƙar minti huɗu ba komai. A karatun awa ɗaya da rabi abin haushi ne.

Ƙira'a kaɗai na ware. Inda asalin naɗin mai kyau ne na bar ta a 128 kbps, saboda a nan kunne yana bin gunna da maddi, kuma matsi mai yawa yana sa muryar ta riƙa wani ƙarfe-ƙarfe.

Tsofaffin karatuttuka

Kashi na uku ya fi ba ni sha'awa. Waɗannan MP3 ne na gaskiya, ba wanda ya canza musu suna, duk da haka rediyon tana tsallake wasunsu. Su ne waɗanda aka karɓo daga masu turi.

Tarihinsu a jikinsu yake. Tun shekarun 1980 kaset ya ɗauki tafsiri ya kai shi lungu-lungu: na Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, na Sheikh Ɗahiru Bauchi, da na malamai da yawa bayansu. Da wayoyin hannu suka zo, sai aka riƙa kwafe kaset ɗin nan zuwa kwamfuta, ana matse su iya matsewa don su shiga memori mai 'yan megabait, a tura wa juna ta Bluetooth. Fayilolin da ke yawo a kasuwa yau da yawansu jikokin waɗancan ne, an kwafa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba wanda ya sake taɓa su.

Matsin ya shafi wani abu da ake aunawa da kHz, wato sau nawa ake ɗebo samfurin sauti a cikin sakan ɗaya. MP3 na asali yana aiki da 32 da 44.1 da 48. Daga baya aka ƙara 16 da 22.05 da 24. Sai kuma wani ƙari na ƙasa can, 8 da 11.025 da 12, wanda ake kira MPEG 2.5, kuma shi bai taɓa shiga ma'aunin hukuma ba. Fayilolin da ake tsallakewa duk 8 ne ko 11.025. Wasu rediyoyin suna karɓar su, wannan ba ta karɓa. Akwai kuma 'yan tsiraru masu wutsiyar .amr, irin naɗin tsofaffin wayoyin Nokia, waɗanda ba ta ma nuna sunansu.

Maganinsu ɗaya ne da na sauran, a sake juyawa zuwa 44.1. Amma da na saurare su da abin kunne sai na ji wata matsalar: a wasu, murya a kunnen hagu kawai take, dama sai huci. Wanda ya kwafe kaset ɗin ya yi amfani da igiyar da ba ta dace ba. A mota wannan yana nufin fasinjan gefe guda ne ke jin malam. Manhajar gyaran sauti ta Audacity ta raba layukan biyu, aka jefar da na hucin, aka bar mai murya ya fita ta duk lasifikokin. A nan kuma aka daidaita ƙarfin sauti, don wani fayil ɗin sai an ƙure rediyo ake ji, na bayansa kuma ya zo da ƙarar da za ta firgita mai gyangyaɗi.

Ban ga laifin masu turi sosai ba. Mai turi yana gwadawa ne a kwamfutarsa ko a wayar mai saye, kuma a can komai yana tashi. Ba a tambayarsa don mota ne ko don waya, shi ma ba ya tambaya. Da zai riƙa tambaya, ya ware folda guda ta MP3 tsantsa don direbobi, da ya samu kasuwa a kowace tasha.

Ya tashi, amma a birkice

Bayan sawun farko da sabon filash mai giga 8, Baba ya dawo da ƙorafi biyu.

"Injiniya, magana kam tana fita, Allah ya yi albarka. Amma muna cikin Suratun Nisa'i, kafin mu kai Kwanar Ɗangora sai na tsinci kaina a Kahfi."

Dalili biyu suka haɗu. Sunayen da yaron ya sa su ne Rana 1, Rana 2, har zuwa Rana 29. Na'urar da ke jera suna harafi-harafi tana ganin Rana 10 da Rana 11 kafin Rana 2, don 1 ya riga 2. Sai an rubuta 01, 02, 03, kuma lambar ta zo a farkon suna. Na biyun ya fi ɓoyuwa: rediyoyi da yawa ba sa jerawa da suna ko kaɗan. Suna bin yadda aka rubuta fayilolin a cikin filash, wanda ya fara shiga shi ne farko. In ka ɗebo fayiloli da yawa ka watsa a tashi ɗaya, kwamfuta ba lallai ta shigar da su a jere ba. Aka share filash ɗin, aka buɗe folda ga kowace shekara, aka zuba su folda bayan folda bisa tsari. Akwai 'yan manhajoji irin su FATSort masu gyara jerin ba tare da an share ba.

Sunayen ma an gajarta su, an mayar da su haruffan boko zalla. Waɗanda aka rubuta da Larabci rediyon tana nuna su a matsayin taurari da alamun tambaya. Ƙ da ɗ da ɓ namu ma ba ta san su ba. An kuma cire hotunan da ke maƙale a cikin wasu fayilolin, hoton malam da tallar wanda ya ɗora, don babban hoto yakan sa tsohuwar rediyo ta yi nauyi kafin ta fara.

Ƙorafi na biyu ba na fayil ba ne sam, amma da ba a gyara shi ba da duk aikin ya tashi a banza. Duk lokacin da aka kashe mota, a gidan mai ko wajen salla a Zariya, in an tayar sai rediyon ta koma fayil na farko, minti na farko. Na tambaye shi ko agogonta yana riƙe lokaci. Ya ce tun da aka ɗaura ta bai taɓa riƙewa ba, tashoshin da ya ajiye ma gogewa suke, shi ya ɗauka haka ƙirarta take.

Ba haka take ba. A bayan irin wannan rediyo akwai wayoyin wuta biyu. Ja tana samun wuta ne in an murɗa makulli. Rawaya kuwa ana so ta kasance a kan batir kullum, ita ce ke riƙe agogo da tashoshi da inda aka tsaya a filash. Wanda ya ɗaura ta ya murɗe su biyun wuri guda ya jona a layin makulli. Wasu masu wayarin da gangan suke haka, gudun kada batir ya zuƙe in mota ta kwana biyu a ajiye, alhali abin da rawayar ke ja ƙanƙani ne ga motar da ke kan hanya kullum. Lokacin da abin da ke filash gajerun surori ne babu wanda ya lura. Mai wayarin ɗin nan da ya ce a sayi sabuwa shi ya raba wayoyin, ya ja rawayar zuwa wuta mai ɗorewa ta bayan fis, aikin da bai ɗauke shi rabin awa ba. Duk da haka na yanka kowane zama gida-gida, minti 20 kowanne, da mp3DirectCut, wadda ke yanka ba tare da ta sake matse sautin ba. In an cire kan batir a gareji, danna gaba sau uku ya fi riƙe maɓalli ana jiran minti 60 su wuce, hannu ɗaya a sitiyari.

Hanyoyin da ba a bi ba

Akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi, kuma ita na fara kawowa: a jona waya da ramin AUX. Waya tana karanta Opus da AAC da komai, rediyon ta zama lasifika kawai. Baba ya ƙi, kuma dalilansa masu ƙarfi ne. Wayarsa ba ta minti goma ba a kira ba, 'yan kamasho da masu saƙo da maigidan mota, kuma ba ya son fasinja goma sha su ji ana cinikin saƙo ta lasifika a tsakiyar aya. Ga caji, ga kuma jami'an kiyaye haɗurra da ke kama mai latsa waya yana tuƙi. Ga direban gida mai tafiyar cikin gari, AUX ko Bluetooth ita ce amsa, ba sai an juya komai ba.

Ƙaramar na'urar nan da ake sokawa a ramin kunna sigari, mai aika sauti ta FM, ba ta warware komai a nan. Yawancinsu MP3 da FAT32 suka sani, kamar dai rediyon. Sannan tana buƙatar lambar da babu tasha a kanta, Kano kuwa ta cika: Dala a 88.5, Arewa a 93.1, Freedom a 99.5, ga wasu birjik a tsakani. Lambar da ka samu fili a Unguwa Uku tana iya cin karo da wata tashar kafin ka shiga Kaduna. Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka su lura da ƙari guda: rediyonsu tana tsalle ne daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, ba ta tsayawa a 88.2, don haka sai an saita na'urar a lambar da rediyon ke iya kamawa.

Rediyo mai allo ta Android kuwa da gaske za ta karanta duk fayilolin nan yadda suke, in an sa mata VLC. Mai wayarin bai yi ƙarya ba a nan. Inda na saɓa da shi shi ne cewa tsohuwar ta lalace. A ganina ma, ga motar haya mai yini a rana da ƙura, rediyo mai maɓallan da yatsa ke ganewa ba tare da an kalla ba ta fi allon shafawa.

Da azumi ya kama, sababbin karatuttuka suka ci gaba da shigowa zauren kullum, kuma a Opus. Yaron ya koyi juyawa, yana tara na mako ya zuba a sabuwar folda ranar Juma'a. Ya kuma yi wa masu kula da zauren magana, sai aka gano ɗayansu yana da naɗin MP3 da yake ɗauka da wata manhaja dabam. In ya turo shi a matsayin fayil maimakon ya danna makirfo, a MP3 ɗinsa yake isowa, ba sai an juya ba. Babban filash ɗin ya koma exFAT, yaron yana ajiye darussansa na bidiyo.

Abu ɗaya ya gagara. Zama huɗu ko biyar na tafsirin bara an naɗe su ne daga can bayan sahu, amsa-kuwwar masallaci da ƙarar fanka da tarin jama'a sun danne muryar mai jan baƙi, malam ma sai an kasa kunne. Na rage hucin da Audacity iya abin da zai ragu, amma a kan hanya ba a fahimtar su. Waɗannan ba maganar MP3 ko Opus ba ce. Sai dai a samu wanda ke riƙe da na'urar lasifikar masallacin, a roƙe shi ya bari a jona igiya a ɗauki sautin kai tsaye daga jikinta, kuma yaron ya ce kwamitin masallacin sun amince a fara hakan daga goman ƙarshe.